Kunnen da Aka Rataye a Ɗorawar Uwani

Akwatin bai fi tafin hannun ƙato ba, kore, da ɗan faifan sola a kansa, kuma tun bazara yake maƙale a jikin ɗorawar Uwani, a bakin Gidan Ɗanmaraya, wani ƙaramin ƙauye da ke yamma da Ruma, daf da daji. Malam Nurain ne ya ɗaura shi, ma'aikacin gandun daji da aka turo Batsari, mutum mai haƙuri da yawan bayani. Ranar da ya kawo shi ya tara mutane ya ce wasu masana ne suka baza irinsa a ƙasashe da yawa, har inda ƙanƙara ke zuba, don su san wane tsuntsu ya rage a duniya, wane kwaɗo ya ɓace. Akwatin yana sauraron kukan halittu, in ya samu sabis ya aika. Maganar ɗan Adam kuwa, ya rantse goge ta yake yi tun kafin ta bar bishiyar.

Kowa ya gyaɗa kai, ba wanda ya yarda. A shekarun nan da kalmar infoma, mai kai wa ɓarayin daji rahoto, ta fi zagin uwa zafi, wa zai tsaya gindin kunne ya saki baki? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mata suka canza hanyar rijiya. Maza in za su wuce sai su haɗiye tarinsu. Uwani ce ta yarda aka rataye shi, domin bishiyar tata ce, marigayi mijinta ya bar mata, da kalwarta take daddawar da take rufa wa kanta asiri. Amma ita ma ko sallama ba ta taɓa yi wa akwatin ba.

Ana tsakiyar damina, gero ya rufe mutum, sai ga Malam Nurain da hantsi yana turo babur. Ya kashe shi tun daga nesa kamar yadda aka gargaɗe shi, ko da yake a shekarar da mai ya yi tashin gwauron zabi ba sai an gargaɗi kowa ba.

"Salamu alaikum. Inna, ina kwana?"

"Lahiya lau, Malam. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya damina?"

"Damina ta yi kyau, sai godiya. Ya iyali? Ya aka ji da tsadar nan?"

Suka ja gaisuwa har ta ƙare, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta ajiye masa ruwa. Ya fara da labari mai daɗi, kamar yadda masu ɗauke da mummuna suke yi. Akwatinta, in ji shi, ya fi duk na yankin jin abubuwa. Ya ji fakara, ya ji zabin daji, ya ji cilakowa, har burtu ya ji, wanda aka daɗe da cire rai da shi a nan. Masanan sun yi murna ƙwarai.

"Allah shi ba burtu zuri'a," in ji Uwani. "Amma ba burtu ya hana ka shan ruwan da na aje maka ba. Mi ke tahe da kai?"

Ya ciro waya ya nuna mata taswira. Ruma ga ta nan, ɗigo ja, alamar akwai mutane. Can ƙasa Runka, ita ma ja. Inda Gidan Ɗanmaraya yake kuwa kore ne shar, ba ɗigo. Ya ce akwai kwamitin da zai faɗaɗa gandun daji, ya dasa itatuwa a wuraren da mutane suka watse. 'Yan kwamitin ba sa iya shigowa nan, ba kuma wanda zai ga laifinsu, don haka da abin da akwatunan suka ji suke aiki. Duk inda gonaki suka koma saura kuma akwati bai ji alamar mutum ba, sai a haɗa shi da gandu a kafa duwatsun iyaka. In an kafa, noma ya ƙare a wurin, har ga waɗanda suka gudu Batsari suna jiran ƙura ta lafa su dawo. Ƙarshen watan nan za su zauna.

"Na faɗa musu da bakina akwai mutane," ya ce, yana kallon tabarma. "Suka ce kowane ma'aikaci haka yake cewa. Sun sa ku cikin kufai, Inna."

Kufai. Kalmar ta daki Uwani a ƙahon zuciya. Kufai shi ne inda tumfafiya ke tsirowa a tsakar ɗaki, inda makiyayi ke nuna tudu da sanda ya ce da can akwai gari a nan. Ita da ta share tsakar gidanta da safen nan, ita da kabarin mijinta ke bayan masallaci ana cire masa ciyawa, a ce tana zaune a kufai? Ɓarayin daji sun kwashe mata awaki, sun ƙone mata rumbu, ta haɗiye. Wannan ta ƙi wucewa. Ranta ya ɓaci ɓacin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba.

"To tunda magana ba ta yi ma akwatin naku, mi yake son ji kahin shi yarda akwai mutane?"

"Abin da ba ya zama sai da mutum. Carar zakara, kukan jaki, injin niƙa, ko turmi."

Uwani ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Duk abin da ya lissafa, Gidan Ɗanmaraya da hannunsa ya kashe shi. Tun harin bara, 'yan gidajen da suka rage suka yanke shawarar su ɓace ba tare da sun tashi ba. Aka yanka zakaru. Jakin da ya tsira aka kai shi kasuwa. Mata suka koma dutsen niƙa a ƙuryar ɗaki, turame suka zama kujeru. Kiran salla ma a cikin masallaci ake yi, ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri. Dabara ce, kuma ta yi aiki, don tun lokacin ba a sake shigo musu ba. Ashe ta yi aiki har ta zarce.

Aka aika aka kira mai-unguwa Sahabi, ƙanin marigayi, wanda limanci da ladanci duk suka dawo kansa tun da ladan ya yi ƙaura. Ba matsoraci ba ne. Shi ya ɗauko gawarwaki daga gona bara, lokacin da samari suka kasa. Ya saurari Malam Nurain har ya gama, sannan ya dubi matar yayansa, don ya ga yadda take ɗaure zane.

"Uwani, na san abin da ke ranki. Kunnen da ke ɗorawa ba shi kaɗai ne kunne ba. In iska ta juya, turmi har cikin daji ake jin shi."

"Na sani, mai-unguwa."

"Shirun ga shi ya kawo mu yau."

"Ya kawo mu ina?" ta ce. "Na daji sun ɗauka ba kowa, na gari sun ɗauka ba kowa. Rannan jikanyar maƙwabciyata Mero ta yi dariya, uwar ta toshe mata baki. Mu kanmu mun kusa yarda ba mu nan."

"Gaba kura, baya sayaki," in ji Sahabi. "Ki bari mu tahi Batsari mu yi bayani."

"Malam ya yi, da takalmi da biro, ba su ji ba. Kai da wagga hula taka da ɓera ya ci za su ji?"

Ko a wannan hali sai da Sahabi ya taɓa hular. Wasa tsakaninsu tsoho ne, tun tana amarya yana yaro mai satar mata ƙanzo. Amma bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba.

"In suka zo, alhakin yana wuyan wa?" ya tambaya.

Uwani ma tsoron take ji. Ta san ƙarar babura da yawa in sun taho tare, ta san warin rumbu in yana ci. Sai dai ɓarayi in sun zo suna tafiya, dutsen iyaka kuwa in ya zauna ya zauna.

"Ban ce kowa shi bi ni ba," ta ce. "Turmina ne, ɗorawata ce."

Ta shiga ta kwantar da turmin ta garo shi. Tsohon turmin kirya ne mai nauyin tsiya, yana gurnani a kan tsakuwa, mutane suna leƙe ta saman danga. Malam Nurain ya taso zai kama mata, ta ce ya bari, ba aikin maza ba ne. Ta tsayar da shi daidai ƙarƙashin akwatin, ta juye 'yar dawar da ta rage mata, ta yayyafa ruwa, ta ɗaga kai ta dubi abin ido cikin ido a karo na farko.

"To, sarkin ji," ta ce. "Buɗe kunnenka."

Saukar tabaryar farko ta tashi kurciyoyin da ke kan bishiyar. Ƙarar ta bi lungunan ƙauyen, ta fita gonaki, ba abin da ya tare ta. Uwani kanta sai da ta razana, don ta manta turmi yana da irin wannan murya. Ta sake, ta kuma sakewa. Kafaɗunta suka yi ƙara, sun manta aikin, sannan suka tuna.

Ba ta ga fitowar Mero ba, maƙwabciyarta, sai ganin wata tabarya ta yi ta sauka a gurbin da tata ta bari. Fuskar Mero a murtuke, hawaye yana bin kumatunta. Sai ga surukar Mero da tata. Uku a turmi ɗaya, wannan ta sauka wannan ta tashi, har dakan ya daina zama surfe ya koma lugude. Uwani ta cilla tabarya sama, ta tafa, ta cafe, abin da rabonta da shi tun bikin autarta. Yara suka fito suka tsaya nesa suna kallon iyayensu, ba su san ko an yarda su yi murna ba.

Sahabi ya daɗe tsaye yana duban gefen daji. Ba abin da ke motsi sai kan gero, amma wannan ba ya nufin komai, kuma kowa ya sani. Ya duba inuwarsa ya ga rana ta karkata. Ya tafi ya yi alwala, maimakon ya shiga masallaci sai ya hau tsohon dakalin ladan da ke waje, ya sa yatsu a kunne. Matan suka tsayar da tabare. Muryar ta fito da tsatsa, ta karye a kabbara ta farko, ta miƙe a ta biyu, ta tafi har inda za ta iya zuwa.

Malam Nurain ya matso kusa da Uwani, ya rage murya, shi mai gaskiya ko ba a tambaye shi ba.

"Inna, wannan fa muryar mutum ce. Akwatin zai goge ta."

Uwani ta share zufa da gefen mayafinta, ta jingina da tabarya, ba ta ɗauke ido daga dakalin ba.

"Shi goge," ta ce. "Wanga ba nashi ba ne."