Masinjan Baba

Tun da aka yi wa Baba aikin maƙogwaro muryarsa ta tafi, sai ya janye daga cikinmu. Mutumin da ko ƙofa ka bari a buɗe sai ya yi maka huɗuba, ya koma nuni da hannu, daga baya nunin ma ya daina. Yaya ya sayo masa waya mai shafe-shafe, ya jujjuya ta ya tura ƙarƙashin matashi. Yatsun da suka tsufa a kan keken rubutu na ofis ina za su iya da gilashi?

Ni ce auta, ni ake wa tsiya wai na karanta kwamfuta amma kullum ina gaban baƙin allo kamar mai duba. To, baƙin allon nan na ɗauko. Na kakkaɓe tsohuwar kwamfutar da ke kan kabad, na rubuta 'yar manhajar hira, ba hoto ba ado, sai wurin buga rubutu. Na haɗa ta da zauren hirar danginmu. Duk abin da aka buga, wani ɗan bot, wato ɗan aike na cikin kwamfuta, zai kai wayoyinsu ya kawo amsa. Na sa masa suna Masinja, don na san Baba da son aike.

Na ajiye masa a teburin falo. Ya daɗe yana kallon maɓallan, sannan ya gyara zama irin na ma'aikatan da. Da na ji ƙarar bugun, wallahi sai murna ta kama ni.

Murnata ba ta je ko'ina ba. A keke, duk ƙarshen layi sai ka mayar da kan keken baya. Don haka da Baba ya kai bakin allo sai ya danna babban maɓallin gefe, Masinja kuwa ba ya tambaya, sai ya suri rabin zance ya ruga. Kafin a gama layi na biyu Yaya ya amsa, Anti, babbar yayarmu, ta jero addu'o'i, Kawu ya turo gaisuwa mai tsawon igiya. Baba ya tsaya cak. Ya buga: "Har a rubuce ma sai an katse ni." Ya tashi ya shige ɗaki.

Haushi ya turnuƙe ni, na dangi da na kaina. Mama ta leƙo daga kicin.

"Auta, ki ƙyale shi mana. Ga shi kin ƙara ɓata masa rai."

"Mama, ba laifinsa ba ne, Masinja ne ba shi da tarbiyya. Yanzu zan koya masa."

Na buɗe manhajar na sake mata tsari. Masinja ya riƙa tara layuka, kada ya motsa sai ya ga an sa hannu, wato kalmar Baba ita kaɗai a layi. Amsoshin dangi kuma su jira a waje har a gama. Na ƙara 'yar ƙararrawa mai kaɗawa idan layi ya kusa cika, irin ta keke. Da gangan na ƙure sauti na yi ta gwaji.

Labulen ɗaki ya motsa.

"Baba, ba mai katse ka yanzu. Sai ka sa hannu zai tafi."

Ya harare ni, amma ya zauna. Ya fara a hankali, ƙararrawa ta kaɗa, ya danna, ba abin da ya tafi. Sai ya sake jiki. Ya yi ta bugu har shayinsa ya huce, sannan ya sa hannu.

Wayoyi suka ɗauki ƙara gaba ɗaya. Kowa ya samu rabonsa. Yaya ya sha faɗa kan famfon da ya yi alkawarin gyarawa, Anti kan rashin kawo jikoki, ni kuma wai ina zama a ranƙwafe kamar tsohuwa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba, ina karantawa ina dariya ina share hawaye.

Mama ta fito da ludayi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, idanunta jajur.

"Ni ce na ɓatar maka da tabarau? Malam, ka ji tsoron Allah, a aljihunka na tsince shi!"

Baba ya ɗaga mata yatsa alamar ta jira, ya jawo kujera kusa da tebur, ya hau bugu.