Ramammen Gwanki

Takalman da Koba ta aro sun yi mata yawa, har sai da ta cusa tsumma a bakinsu. Ta ɓoye ƙafafunta a ƙarƙashin kujera, tana fuskantar Meme Shikongo, ma'aikaciyar jinyar da ke neman tafinta ga motar asibiti mai zagaya ƙauyukan Tsumkwe.

Duk ƙauyensu Koba kaɗai ta gama sakandare. Sauran sun gudo tun a aji biyu, saboda da Turanci ake koyarwa, ga dariyar da ake yi wa harshensu. Sau uku tana neman aiki a garin, kullum wani daga nesa ake kawowa. In wannan ya kuɓuce, sai komawa haƙar saiwar magani a daji.

"Yaya sakamakon jarrabawarki?" Meme ta tambaya da Turanci.

"Ba wani abin kirki ba ne, Meme. Da ƙyar na sha."

Meme ta ɗaure fuska. Sai a lokacin Koba ta gane ta yi ɓarna. A al'adar su Koba, maharbin da ya kayar da gwanki ba ya shigowa gari yana bugun ƙirji. Cewa yake ya sami wani ɗan abu ramamme, mutane kuma su taya shi kushewa.

Kafin ta gyara, wani kai ya leƙo ta taga. Kakarta Baqu ce, wadda ta rako ta a bayan motar gawayi. Tsohuwar ta zuba magana cikin harshensu, tana nuna Koba da lofenta.

"Me take cewa?" in ji Meme. "Fassara mini duka. Aikin ke nan ai."

Koba ta fassara: "Ta ce kada ki ɗauke ni. Wai ko wuta ban iya hurawa ba. Wai shekarun da na yi a makaranta ƙiba kawai na je yi, ita ma ƙibar ban samu ba."

"Kakarki ce kuwa?"

"Ita ce. Haka muke yi, Meme. Gwargwadon girman nama, gwargwadon zagin da zai sha, don kada maharbi ya ɗauki kansa wani abu. Da na faɗi jarrabawar, lallashina za ta yi."

Meme ta fashe da dariya har tana dafa tebur. Can ta tsagaita. "Tsaya. To majinyacin da ya ce mini ɗan ciwo ne kaɗan fa?"

"Ki sa shi a mota nan take."

"Litinin da safe," in ji Meme. "Ki zo da takalmin da ya yi miki daidai."

A waje Baqu na zaune a gindin bishiya tana busa hayaƙi.

"To, uwar 'yan boko, sun koro ki?"

"Wani ɗan aiki ne suka ba ni, Kaka. Ramamme. Ƙashi da fata."

Koba ta tsaya tana jiran ruwan zagi, murmushi na neman ƙwace mata. Tsohuwar, wadda ba ta taɓa rasa ta cewa ba, ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, murna ta hana zagin fitowa. Sai ta kakkaɓe lofen, ta ɗauki sandarta, ta kama hanyar tasha da sauri, tana ɗan tattaka ƙasa irin na masu rawa.