Kunyar da Dogo Bai Gama Nomewa Ba

A ajin Malam Yahaya ba wadda ta kai Marka sanin labarin ƙasa, kuma ba wadda ta kai ta ba shi ciwon kai. Ka tambaye ta inda Binuwai ya haɗu da Neja, ko dalilin da ya sa auduga take son ƙasar Funtua, ta zayyano maka kamar a can aka binne cibiyarta. Amma a ba ta takardar gwaji mai tambayoyi huɗu, sai ta amsa biyu tsaf, ta miƙo sauran shafukan fari fat.

Malam Yahaya mutumin Maska ne, ɗan siriri, mai faɗa da baki amma cikinsa ba komai. Ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa a makarantar kwana ta 'yan mata da ke Malumfashi, kuma duk shekara, in jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, sai ya ajiye littafi ya koma koyar da yadda ake shiga ɗakin jarrabawa a fito da rai.

"Ku buɗe kunnuwanku," in ji shi, yana ƙwanƙwasa allo. "Mai duba takarda bai san ku ba, bai san iyayenku ba, ga tarin takardu gabansa har haɓa. Kafin ki cire murfin biro, karanta tambayoyin duka. Ki zaɓi huɗun da kika fi sani, ki raba lokacinki gida huɗu. In taswira aka ce, ki sa mata suna a sama da bayanin alamomi a gefe, ban da kwalliya, ba zanen lalle aka sa ki ba. Maki a bakin tambaya yake, hujjojin farko su ne masu tsoka. In lokacin tambaya ya cika, ko a tsakiyar jimla kike, bar ta ki wuce. Marka, da ke nake."

'Yan aji su kwashe da dariya, Marka ta sunkuyar da kai. Ba taurin kai ba ne, ko da yake Malam Yahaya ya sha kiransa haka. Abin daga gida ta taho da shi.

Ita ɗiyar Dogo ce, wani manomi a wata 'yar unguwa bayan Gozaki, cikin gidajen da har yau suke riƙe da addinin kakanni. A gidansu mace ma noma take yi, kuma Marka tun ba ta fi tsayin ƙotar fartanya ba take bin ubanta gona. Dogo ba mai yawan magana ba ne. Abu guda ya koya mata, ya kuma koya mata shi har ya shiga jini: kunyar da ka sa wa fartanya, sai ka kai ta ƙarshe. Ko an kawo abinci, ko hadari ya taso, ba a miƙewa a tsakiyar kunya. In kuwa ka duba rana ka ga ba za ta kai ka ƙarshen wata kunyar ba, to kada ka fara ta, ka bar wa gobe. Duk unguwar an san gonar Dogo da wannan. Ba za ka taɓa wucewa da yamma ka ga kunya rabi a nome rabi da ciyawa ba.

Shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai Marka ta yi boko. Yayansa Tanimu, wanda gandun gidan yake hannunsa, bai so ba, don hannu ɗaya da ya fita daga gandu a damina ba ƙaramin gurbi ba ne. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan magana guda: Marka za ta yi karatu zuwa wannan jarrabawa. In ta ci, ta wuce Zariya ta koyi aikin awon ƙasa da take so. In ta faɗi, ta dawo ta ɗauki fartanyarta, ba sake zaman jarrabawa. Aikin awon ƙasa kuwa ba a shigarsa sai da labarin ƙasa.

Malam Yahaya ya san wannan duka, shi ya sa ya sa ta gaba. Sai ya tsaya a kanta da agogo a hannu, da lokaci ya cika ya ce, "Bar ta." In ba ta bari ba, ya dafe takardar da tafin hannu. Ranar farko kuka ta yi, kukan takaici.

"Malam, saura kaɗan fa," in ji ta.

"Wannan kaɗan ɗin maki biyu ne. Tambayar da kika bari ba ki taɓa ba, maki ashirin ne. Ke da kika iya lissafi."

"Babana ya ce aikin da aka bari rabi, kamar ba a yi ba ne."

"Babanki ya yi gaskiya, a gona. Nan ba gona ba ce, kuma mai duba takarda ba dawa yake nema ba."

A hankali ta koya. Tana ciza leɓe, amma tana bari. Gwajin ƙarshe da aka yi, ta amsa huɗun duka, ta zo ta ɗaya da tazara mai yawa. Malam Yahaya ya shiga ofishin malamai yana cika baki, yana cewa a bana dai zai kai ɗaliba Zariya da hannunsa.

Jarrabawa ta fara daidai da saukar damina. An yi takardu da dama, saura kwanaki kaɗan a yi labarin ƙasa, sai ga ɗan Tanimu a kan babur ya zo ɗaukar Marka. Dogo ya faɗi a gona yana noman fari, kafin a kai shi inuwa rai ya yi halinsa.

Aka yi masa abin da ake yi wa manya a gidansu. Marka ba ta san yadda kwanakin suka wuce ba. Ta dai san mahaifiyarta Tsohuwa ta daina cin abinci, ta kuma san duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce mutumin kirki ya tafi. Ana gobe jarrabawar, da la'asar, ta zare jiki ta nufi gonar.

Ba ta sha wahalar gane wurin ba. Kunyoyin da ya nome suna nan tas, sai guda ɗaya da noman ya tsaya a tsakiyarta. Daga nan zuwa ƙarshe ciyawa ce, har ta ƙara tsawo. Fartanyarsa tana kwance a gefe, ba wanda ya iya ɗauka. Duk rayuwarta ba ta taɓa ganin irin wannan a gonar ubanta ba, kuma sai a lokacin ta yarda ya mutu.

Ta ɗauki fartanyar. Ƙotar ta yi santsi a inda hannunsa yake zama. Ta duƙa ta yi sara biyu uku ke nan, sai ta ji ƙarar babur a bakin gona. Malam Yahaya ne. Ya je gidansu ya yi gaisuwa, aka nuna masa inda take.

"Allah ya ba ku haƙuri, Marka," in ji shi. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin. "Ki zo mu tafi. In ruwan nan ya sauka rafi zai cika, ba mai ƙetarewa sai jibi, takarda kuma gobe da safe ce."

"Malam, bari in ida masa wagga guda ɗaya."

Da ya bari, wataƙila da ba ta ɗauke ta lokacin da za a tafasa ruwa ba. Amma Malam Yahaya mutumin agogo ne, ga iska ta fara kaɗa ganyen dawa, shi kuma tsoron rafi yake ji da gaske.

"Bar ta, Marka," in ji shi. "Ba lokaci."

Ta dube shi. Kalmomin aji ne, kuma ta saba bin su. Ta jingina fartanyar a jikin kunyar, ta hau bayan babur. Sun ƙetare rafin ruwa yana taɓa ƙafafunsu.

Washegari ta shiga ɗakin jarrabawa kamar kowa. Ta karanta tambayoyin duka kafin ta cire murfin biro. Ta zaɓi huɗu, ta raba lokaci. Ta farko taswirar Nijeriya ce, a nuna manyan koguna da wuraren noman auduga da gyaɗa. Ta zana, ta sa suna a sama da bayanin alamomi a gefe, ta gama a kan kari. Da Malam Yahaya yana leƙowa da ya yi murmushi.

Ta biyu cewa aka yi a bayyana matsalolin ƙananan manoma a arewacin ƙasar nan, da hanyoyin magance su. Ta fara jero su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mata: ƙarancin taki, zaizayar ƙasa, ruwan sama da ba shi da alƙawari, rashin hanya zuwa kasuwa. Ta zo kan aikin hannu, yadda mutum guda yake duƙe da fartanya daga fitowar rana har faɗuwarta, shekara da shekaru, har ƙarfinsa ya ƙare. Tana tsakiyar wannan jimlar ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Lokacin tambayar ya cika.

Ta san abin da ya kamata. Ta ma ɗaga biron. Amma da ta dubi takardar sai ta ga layin, rabinsa rubutu, rabinsa fari har ƙarshen shafi. Jiya ta bar guda. Ba za ta iya barin wata yau ba.

Ta mayar da biro kan takarda. Ta gama jimlar, ta gama matsalolin, ta shiga hanyoyin magani, ta bi su ɗaya ɗaya ba ta tsallake ko guda ba, hawaye yana ɗiga tana sharewa da gefen hannu kada ya ɓata rubutun. Ba ta sake duban bango ba sai da ta ɗiga aya ta ƙarshe.

Lokacin da ya rage ba shi da yawa, amma ya isa ta rubuta hujjoji uku huɗu a bakin tambaya ta uku, ta yi wa ta huɗu haka, ta kwashi makin da zai iya tsallakar da ita. Wannan ma Malam Yahaya ya koyar, har ya gaji da faɗa. Sai dai wadda take zaune a kujerar a lokacin ba ɗalibarsa ba ce, ɗiyar Dogo ce. Ta duba ta ga ba za ta kai ƙarshen wata tambayar ba, don haka ba ta fara ba. Ta rufe biro, ta ɗora hannuwa a kan tebur, ta zauna har aka ce a tsaya.

A bakin ƙofa Malam Yahaya yana jira. "Huɗu?" in ji shi.

"Biyu, Malam."

Ya taho da niyyar faɗa, amma da ya ga idanunta sai ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Sakamako ya fito a tsakiyar damina, lokacin da ruwa yake wuni yana zuba. Marka ta ci duk sauran darussan, ta faɗi labarin ƙasa. Malam Yahaya bai aika kowa ba, shi ya hau babur ya bi taɓo har bayan Gozaki. Ya fara zuwa wurin Tanimu, ya roƙe shi a bar yarinyar ta sake zama baɗi, ya ce shi zai tsaya mata.

Tanimu ya saurare shi har ya gama, ba da fushi ba. "Malam, mun gode da ƙoƙarinka," in ji shi. "Amma magana ce muka yi da ƙanena yana da rai, ban ƙara ba, ban rage ba. Ga shi yanzu hannunsa ma babu a gandu. Mi za ni yi?"

Malam Yahaya ya tambayi inda Marka take, aka ce tana gonar ubanta.

Dawa ta yi tsawo har ta kusa rufe mutum. Ya hango ta can ciki a duƙe, da fartanyar Dogo a hannunta, ta kai tsakiyar wata doguwar kunya. Ya kashe babur, ya tsaya daidai inda ya tsaya wancan karon. Baƙin ciki ya cika shi, don ya sani sarai da ya yi haƙuri ranar nan ta ida wannan rabin kunyar, da yau wani labarin ya kawo.

"Marka," ya kira.

Ta ɗago ta gan shi, ta ga fuskarsa, ta gane saƙon tun bai faɗa ba. Ta share gumi da bakin zane.

"Sannu da zuwa, Malam. Bari in kai ƙarshe."

Hadari yana haɗuwa a gabas, kuma rafin yana nan a kan hanyarsa ta komawa. Malam Yahaya ya kwance agogon daga hannunsa, ya sa a aljihu, ya zauna a bakin gonar yana jiranta.