Kunyar Ɗan Fari

Ni Shu'aibu, duk garinmu Ibohamane babu wanda ya taɓa ganin hawayena. Na ci anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, shekarar da shanu sunka ƙare. Na ɗauki duwatsu a ka, munka jera su a tsaunukan Keita har ƙasa ta sake tsiro. Na rufe matata da hannuna, na koma gona. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma ba a yi mini wayo.

Sai ga ɗiyata Nasiba ta zo gida haihuwar fari, mijinta Gali yana can Libiya wajen nema. Ta sauka lafiya, namiji, anka sa mai Mahfuzu. Ƙanwata Sauda ce ke yi mata wankan jego.

Nasiba ba ta duban yaron. In ya yi kuka sai ta juya ma bango. Mata sunka dinga yabo: "Kun ga ɗiyar mutunci! Kunyar ɗan fari ke nan, ba irin 'yan yanzu ba." Sauda har guɗa ta yi.

Amma yaron ramewa yake. Kukansa ya koma kamar na ɗan akuya da ya kwana cikin ruwa. Ni kuwa na san mai kunya. Uwar Nasiba ta yi ta, kuma na sha kama ta tana sansanar kan ɗanta in ta ɗauka ba kowa. Na laɓe bayan dannin kara da hantsi, gida ba mutane. Mahfuzu na kuka kan tabarma, ƙudaje a bakinsa. Nasiba na zaune kusa da shi, idanunta a kan bango, furarta ta tsinke a ƙwarya.

Namiji ba ya shiga ɗakin mai jego. Na shiga.

"Nasiba, ɗauki ɗanki."

Ta ce, "Baba, ina son in so shi. Na duba cikina, ba komi. Jiya da na tafi rijiya na daɗe ina kallon ƙasanta."

Na razana. Ni da kura ba ta kora ba.

Sauda ta faɗo ɗakin. "Yaya, mi kake nan? Tsufa ya fara taɓa ka? Kunya ce!"

Na ce, "Kunya ba ta kallon rijiya, Sauda. Miƙo zane."

"Ka yi mi da shi?"

"Goyo."

Jakina ya gurgunce, amalanken maƙwabta ya tafi ɗiban ruwa. Na goya Mahfuzu, na kama hannun uwarsa, munka bi hanyar gidan likita da ƙafa, ta tsakiyar kasuwa. Mahauta sunka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Inna Shu'aibu, yaushe anka yi suna?" Na wuce abina. Bayana nake saurare. Yaron ya bar kuka, kuma ba barci ba ne. Ina tafe ina girgiza shi ina cewa, "Yi kuka, ɗan nema, yi kuka." Allah kaɗai na taɓa roƙo, ranar nan na roƙi jariri.

Majo, babban ma'aikacin gidan likitan, ya karɓi yaron, anka ɗura mai madara kaɗan kaɗan da cokali. Ungozoma ta shiga da Nasiba, sunka daɗe. Da ta fito ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, yana da magani, amma kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta zuwa rijiya. Yaron kuma sai an ga yadda ya kwana.

Munka zauna bakin gado. Sauda ta iso tana haki. Yaron ya motsa, ya saki wani ɗan kuka siriri. Nasiba ba ta ɗauke shi ba. Yatsa ɗaya ta ɗora a tafin ƙafarsa.

"Mahfuzu," ta ce.

Sauda ta dafe ƙirji. "Sunan ɗan fari a bakinki, gaban ubanki?"

Na ce, "Ƙara faɗi, ɗiyata. Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."