Furen Kuɓewar Rakiyya

A daminar 1955, Dalhatu Barau mai ɗaukar hoto a Gumel ya gaji da fuskokin mutane. Duk wanda ya zauna gaban akwatinsa mai ƙafa uku sai ya ɗaure fuska kamar an yi masa rasuwa. Wata safiya ya hangi furen kuɓewar matarsa Rakiyya a bayan ɗaki, ruwan ɗorawa, tsakiyarsa jajawur. Nan take ya rantse sai ya ɗauke shi hoto.

A tsakar gida iska ta hana furen tsayawa, sai ya tsinko shi ya kai zaure, inda babu iska amma haske kaɗan ne. Dabararsa ita ce ya bar idon akwatin a buɗe har ya ƙirga ashirin, sannan ya kunna hodar walƙiya mai haska hoto da ya samo wurin wani ɗan Damagaram a kasuwar Maigatari. Ya roƙi tsohon maƙwabcinsa Malam Sallau ya riƙe masa furen.

"Baba, don Allah kada ka motsa. Ko numfashin ma a rage."

"Shekara saba'in ina numfashina, yau fure ne zai hana ni?" in ji tsohon.

Ƙirga ta kai sha ɗaya, Malam Sallau ya yi atishawa, furen ya faɗi ya lalace. Fure na biyu ya yanƙwane kafin a gama saita akwati. Da Dalhatu ya koma tsinko na uku, Rakiyya ta tare shi da muciya a hannu.

"Malam, kowane fure kuɓewa ce guda. Da hoto za ka ci tuwon?"

Da ƙyar ta bar masa ɗaya. Gudun kada haske ya gaza, ya zuba hodar ninki uku. Ya ƙirga ashirin, ya ƙyasta ashana. Fau! Hayaƙi ya turnuƙe zauren. Malam Sallau ya saki salati ya fice da takalmi ƙafa ɗaya. Maƙwabta suka rugo da tuluna, suka jiƙa Dalhatu sharkaf tun bai fito daga baƙin ƙyallen akwatin da ya lulluɓa ba.

Da ya wanke hoton, furen ya fito tar, har jijiyoyinsa. Sai dai a bayansa ga Malam Sallau, ido waje, baki wangame, haƙori biyu. Dalhatu ya ɗauko almakashi zai yanke shi daga hoton, tsohon ya riƙe masa hannu.

"Kul! Tun da aka haife ni ban taɓa ganin cikin bakina ba."

Ya sa hoton a aljihu ya tafi nuna wa iyalinsa.