Kunnuwan Motar Alhaji Sambo

Shekara ashirin da bakwai Badaru ya yi yana jan motar haya tsakanin Gummi da Anka, kuma duk gardamar mota da ta tashi a tasha shi ake kira ya raba. Ba shi da gona, ba shi da saniya ko ɗaya. Sunan nan na wanda ya san mota shi ne duk abin da ya tara a duniya, yana kuwa tattalinsa fiye da lafiyar jikinsa.

Sai Alhaji Sambo, dillalin hatsi, ya sayo wata tsaleliyar mota otomatik, ya ɗauki Badaru direba. Ranar farko ƙafar hagu ta nemi kuloci ta rasa. Ransa ya ɓaci, don a wurinsa motar da ke sauya giya da kanta ta raina direba ne. A bayan sitiyari kuma ya ga wasu 'yan kunnuwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Tambaya ba ta cikin halin Badaru, saboda haka ya yanke hukuncin cewa marataya ce, har ya yaba wa Turawa da suka fara tunawa da Musulmi. Ya rataya carbinsa a kunnen hagu.

Suna hanyar Bukkuyum, ga shi ba giyar da zai taɓa, sai ya shiga jan carbi yana rataye a inda yake. Ja ɗaya mai ƙarfi, mota ta yi gurnani ta fizga, hular Alhaji ta faɗo. Ya saki, jim kaɗan ta huce. Ya sake ja, ta sake kuka.

"Badaru, mi ya hwaru?" in ji Alhaji.

"Ban sani ba" ba ta taɓa fita daga bakin Badaru ba, ba kuwa ranar zai fara ba.

"Alhaji, motar ga akwai mutanen ɓoye cikinta. Duba ka gani, da na kama salati sai su tashi."

Ya gwada, suka tashi. Kafin mako ya zagayo an yi mata tofi, an turara kujeru, an yayyafa wa tayoyi rubutu. Ranar kasuwa mutane har daga Nasarawa Burkullu suke zuwa kallon motar da ba ta son zikiri, suna jinjina wa Badaru, tunda ba kowane direba ne zai zauna da aljanu a kujera ɗaya ba.

Da lokacin juyen mai ya yi, aka kai ta garejin Lirwanu makaniki. Bayan ya gama, ya ce Badaru ya ja su zagaya a ji lafiyar inji. Sun fita bayan gari su biyu, Lirwanu ya miƙa hannu ya cire carbin.

"Baba, giya ta ka rataya ma carbi. Na hagu shi ka rage ta, na dama shi ka ƙara ta. In sandar giya tana ga D, motar na barin ka ɗan lokaci, sannan ta amshe abinta. Amma tura sanda ga M ka gani, giyar da ka sa nan za ta tsaya sai ka sauya."

Badaru ya tura. Suka shiga wani rairayi, ya ja kunnen hagu, ta sauko ta biyu, ta ratsa ba ko tangarɗa. Ya ja na dama, ta uku, ta huɗu, kowacce sai da izininsa. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun ranar da ya bar tasha, har ya kama kansa yana dariya.

Suka komo suka tarar da Alhaji a gareji, tare da direbobin tasha kusan goma da suka zo gaishe shi. Lirwanu ya maimaita bayaninsa a gabansu, da zuciya ɗaya.

"Badaru, kai ka san mota," in ji Alhaji. "Gaskiya Lirwanu ya hwaɗi? In giya ta, a bar su. In nan aljannun sunka maƙale, a ɓalle su yanzu mu huta."

Badaru ya dubi kunnuwan, yatsunsa na ƙaiƙayi. Ya dubi direbobin, waɗanda rabinsu shi ya koya musu tuƙi, duk sun zuba masa ido.

"Yaushe anka taɓa sa giya bayan sitiyari?" ya ce. "A ɓalle su."

Lirwanu ya dube shi, sannan ya ɗauko filaya. Badaru da kansa ya riƙe masa sitiyari.