Jan Ɗankwali a Kan Sandar Jirgi

Jiya da dare wani mafarki na yi, wai ni ne matuƙin jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, a kan wani teku da ya kwanta daidai inda kasuwar garinmu take. Ko kwalekwale ban taɓa tuƙawa ba, amma hannuna ya san aikin. Fasinjata ɗaya ce, Yaya Tasalla wadda nake bi, da tsohon cikinta. Wajen unguwarzoma zan kai ta a wancan ƙetaren.

Ruwan sama daga tekun yake tashi ya hau sama, don haka ƙafafunmu a jiƙe suke, kawunanmu a bushe. A can murya ba ta wuce bakin jirgi. In ka yi ihu sai ya faɗa ruwa, kifi ya haɗiye. Da tutoci jirage suke magana: koriya tana nufin lafiya lau, ja kuwa tana nufin ku zo, muna nutsewa.

Muna tsakiya sai jirgin ya fara shan ruwa. Yaya Tasalla ta hau kwarfewa da ƙwarya, ni kuma na buɗe akwatin tutoci ina neman ja. A ciki na tarar da wani bunsuru mai tabarau yana tauna ƙarshenta.

Ya ce shi ne shugaban tashar jirage, kuma tun da ya hau kujera babu jirgin da ya taɓa cewa yana nutsewa. Ya turo mini koriya da kofato.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya kai mana ƙauri," na ce.

"Wannan ra'ayinka ne. Ɗaga koriya."

Na ce ba zan ɗaga ba. Yaya Tasalla ta kwance jan ɗankwalinta ta miƙo mini. Na ɗaura shi a igiya, na ja har ya kai ƙolin sandar jirgin.

Sai ga mu a ofishinsa, da jirgin da komai, akuyoyi suna ta buga hatimi a kan ruwa. Bunsurun ya kamo iskar tekun, ya ninke ta, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Ya ce da zarar na sauke ɗankwalin zai mayar mini da ita. Na dubi yayata, tana cije leɓe, ta dafe mararta. Tsoro ya kama ni sosai. Na tambaye ta ko in sauke.

"In ka sauke, ba ni ba kai," ta ce, ta ci gaba da kwarfar ruwa.

Na naɗe igiyar a ƙuguna na zauna a kanta.

Muka sake tsintar kanmu a teku, babu iska. A lokacin na lura da sauran jiragen. Duk koriya suka ɗaga, kuma duk rabinsu yana cikin ruwa. A na kusa da mu wani tsoho ne a tsaye, ruwa har ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallon ɗankwalin, sannan ya cire jar hularsa ya ɗaura a igiya. Wata mata ta ɗaga zanen goyo. Wani da bai da jan ƙyalle ya ɗaga tiren tumatir.

Bunsurun ya shiga tsalle daga jirgi zuwa jirgi yana cinyewa, in ya ci ɗaya biyu su tashi. Mutane suka fara matsowa, suna tuƙi da muciya da ludayi. Muka ɗaure jiragen da juna, nutsewar ta tsaya. Matan suka kewaye Yaya Tasalla da zannuwa, suka ce maza su juya baya.

Can bunsurun ya dawo, cikinsa ya kumbura, tabarau ya karkace. Ya rage murya ya ce yana da baƙi daga babban ofis, in taimaka in sauke na ɗan lokaci, ko rabin sanda ne.

"Hau ka sauke da kanka," na ce.

Ya ɗaga kai ya dubi tsawon sandar, ya dubi kofatansa. Daga bayan zannuwan na ji kukan jariri, yana tsallake jirage ɗaya bayan ɗaya, bai faɗa ruwa ba.

Kukan ya yi ta kauri har ya koma ƙarar injin markaɗen maƙwabcinmu. Na buɗe ido, gari ya waye, hannuna a damƙe da igiyar gidan sauro.